Matattun Bindigogi a Kan Tabarmar Sulhu

An gaya maku ubanku ya yi wa ɓarayin daji gyaran bindiga. Kun ji a bakin rijiya, kun ji a kasuwa, ke Hajo har gidan mijinki an bi ki da maganar. Ƙarya ce. Na faɗi da baki har na gaji, ba wanda ya tsaya ya ji ƙarshe, shi ya sa na zauna ina rubutawa da ɗan bokon da nike da shi. Wanda ya ga kuskuren rubutu a cikinku shi gyara, amma kada shi rage mani zafin maganar, don haka nike son a karanta ta.

Sai na fara da kakanku Mamman Maƙeri, in ba haka ba ba za ku gane zancen zoben ba. Ya dawo daga yaƙin basasa da kunne guda ba ya ji, ya koma bakin wuta yana ƙirar fartanya da galma a ƙauyenmu, tsakanin Gatawa da Sabon Birni. Abin da ya ƙaru da shi can shi ne ido. A zamanin nan bindiga ta farauta ce, da korar kura daga garke, da bugawa ranar salla. Tsofaffin bindigogin soja da anka daina aiki da su suna yawo hannu zuwa hannu, mak-fo ta zamanin Ingilishi, da dogayen nan na Faransa masu siririn baki waɗanda fatake ke shigowa da su daga Nijar ƙarƙashin buhunan dabino. Ba maharbin da ke saye bai kawo wa Baba ya duba ba. Zai zare sakatarta, shi ɗaga bututun shi leƙa rana ta ciki, shi ga ko tsatsa ta cinye zanen cikinshi. Zai ƙwanƙwasa ƙotar shi kanga kunnen nan nashi mai ji, ko gara ta shiga. Zai shinshina. Daga nan kalma guda ce, ko "tana da rai" ko "ta mutu". Ba a roƙonshi shi sake dubawa.

Wata shekara ya ce wa wani mutum bindigarshi ta mutu. Mutumin ya yi godiya, ya naɗe ta, ya kai ta kasuwar Bafarawa ya sayar wa wani maharbi da bai ji ba bai gani ba. Bugun farko ta fashe, ta tafi da yatsun bawan Allah. Tun daga ranar Baba ya kafa doka a maƙerarshi. Duk bindigar da ya ce ta mutu ba ta fita sai ya narka dalma ya ɗura mata a bututu ta toshe, sa'an nan shi naɗa mata wayar jan ƙarfe a wuyan ƙota kamar zobe. Wanda bai yarda ba kada shi kawo. Ku riƙe wannan da kyau: mai rai ba a sa mata komai, tana fita yadda ta shigo. Zobe na matacciya ne. Kowane maharbi daga Isa har bakin iyaka ya san haka.

Mafi yawan masu ita ba su ɗaukar gawa su koma da ita gida, sai su bar ta. Haka ɗakin da ke bayan maƙera ya cika. Da Baba ya rasu na gaji wutar, na gaji idon gwargwado, na gaji ɗakin, na kuma ci gaba da dokar. Ba za ni ɓoye maku ba, ina son bindigogin nan. Akwai mai tambarin hular sarautar Turawa, akwai wadda wani soja ya zana sunan uwarshi da ajami a gindinta. Akwai wata mak-fo mai tabon ƙuna a ƙota wadda Baba ke kira Kurma, wai ita ce 'yar'uwarshi, sun ji ƙara har sun daina ji. Duk Jumma'a in an sauko masallaci ina shiga in shafe su da man keke, in goge zobban da toka da tsamiya har su yi ƙyalli. Uwarku Kulu ta sha ce mani da ina shafa maku mai rabin yadda nike shafa wa ƙarafan nan da ba a gan ku da kirci ba.

Sai abin da kunka sani ya zo. Ba sai na ba ku labarin ɓarayin daji ba, kun kwana cikin gero kuna ɓoyo. Abin da nike son ku sani shi ne tunda anka fara na rufe duba bindiga. Ko wa ya zo, na gari ko baƙo, ina ce mashi ido ya mutu. Tsofaffin maharban da sunka san dokar gidanmu kuwa, wasu ƙasa ta rufe su, wasu sun ƙetare Nijar da iyalinsu. Waɗanda sunka ɗauki tsaron gari 'yan sa-kai ne, manoma da 'yan kasuwa da baƙin ciki ya sa sunka ɗauki makami. Shugabansu a ƙauyenmu Bawa ne, sa'ana, tare anka yi mana kaciya. An kashe mashi ƙane a gona yana riƙe da fartanya. Bawa bai taɓa farauta ba. Ya san dai zoben jan ƙarfe na gidan Mamman Maƙeri ne, bai san abin da yake nufi ba.

Damina biyu ba a taɓa gonakin nesa ba. A ta uku mutane sunka yi ƙundumbala sunka shuka, ruwa ya yi kyau, gero ya fidda kai har mutum na kallo yana jin tsoro. Sai anka fara zancen sulhu. Mai shiga tsakani wani dillalin shanu ne, Alhaji Gado, wanda ya san mutanen daji tun suna kawo mashi kiwo. Cikin masu bin bayanshi har da wana, Arzika, wanda kuke kira Baba Babba. Ubanmu ɗaya.

Ranar kasuwar Gatawa sunka zo, shi da Arzika, da hantsi, gari ya watse sai tsofaffi da awaki. A-kori-kura ta tsaya bayan maƙera. Alhaji ya zauna kan turmi ya yi ta zuba, wai sharaɗin sulhu shi ne kowa shi aje makami, na daji da na gari, don haka duk abin da ke kama da bindiga sai an kai an nuna. Na ce mashi waɗanga matattu ne, ko kaza ba su kashewa sai dai a ɗaga a maka mata. Ya yi dariya har hularshi ta karkace.

"To Maƙeri, tunda matattu ne, mi za ka rasa? A kai a gani, a maido maka abinka."

Na dubi Arzika. Ya ce shi ne jingina, in ba su dawo ba in kama shi. Wana ne, kuma a gidanmu ba a musu da wa gaban baƙo. Da hannuna na naɗe su cikin zana, da hannuna na ɗora a mota. Ba wanda ya gani sai uwarku, tana tsaye bakin madafa da muciya. Da motar ta tashi ta ce mani, "Malam, mutumin da ya zaɓi ranar kasuwa ba shi son shaida." Na ce mata ta koma ga tuwonta.

Ranar taron sulhun duk ƙauyukanmu sun tafi. Fili ne bayan gari, an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, lasifika na kuka, masu ɗaukar hoto na ta kai da kawo. Can sai ga babura sun fito daga daji, samari sun rufe fuska da rawani, an ce su ne tubabbu. An shimfiɗa tabarmi gaban manya. Kowane ya zo sai shi kwance abin da ya goyo shi aje, a tafa. Ni da Bawa muna tsaye kafaɗa da kafaɗa a sahun gaba. Rana ta bugi tabarmar, sai na ga ƙyalli. Zobe, zobe, zobe, a jere. Ga mai tambarin hula. Ga mai ajami. Ga Kurma da tabonta, a hannun wani yaro da ko riƙe ta bai iya ba. Ni na goge jan ƙarfen nan da tsamiya, shi ya sa ya fi komai haske a filin. Alhaji Gado yana kan lasifika yana cewa ga makaman da anka addabi jama'a da su, yau Allah ya kawo ƙarshensu. Jama'a na kabbara, mata na guɗa.

Bawa bai yi kabbara ba. Bai ma juyo ya dube ni ba, ya ce a hankali:

"Nomau, wancan ba zoben gidanku ba ne?"

Na buɗe baki za ni ba shi amsa, sai na ji an damƙi gefen rigata. Arzika ne. Ya ja ni bayan rumfa wajen da anka aje babura, gumi na zuba mashi. Bai yi mani musu ba, wannan kam na ba shi. Ya ce mutanen daji sun ƙi ba da ko guda daga cikin nasu, sun dai yarda su ɗaga ƙafa har a yi girbi, su kuma manya sun ce ba su zuwa taro in ba abin da za a nuna. Shi ne Alhaji ya tuna da ɗakin Baba. Na ce mashi yanzu za ni koma tsakiyar fili in ɗauki guda in zura mata tsinke kowa shi ga toshe take. Sai ya riƙe hannuwana biyu, abin da bai taɓa yi ba.

"In ka yi haka su Bawa sun san an yi masu wasa, yau ɗin nan za su far wa yaran nan. Gobe daji shi zubo. Ka ga geron da ke tsaye? Wa za shi yanke shi? Ka yi shiru har hatsi shi shiga rufewa, Nomau. Ranar da anka ɗaure dami na ƙarshe ni da kaina za ni tsaya ƙofar masallaci in faɗi gaskiya."

Na tuna yadda kunka yi rani kuna cin tafasa da garin rogo. Na tuna Hajo tana tsince dusa. Na yi shiru. Na koma gida na ce wa uwarku ita ma ta kulle bakinta. Ba na rubuta wannan don a yaba mani ba. Ko yau aka maido ni bayan rumfar nan abin da za ni yi ke nan. Abin da ke ci mani rai shi ne yadda anka saka mani.

Washegari da safe Bawa ya zo da mutanenshi, bayansu rabin gari. Bai ɗaga murya ba. Ya ce an san gidan Mamman Maƙeri da ɗakin bindigogi, in buɗe a gani. Na buɗe. Ƙusoshi ne kawai a bango, da inuwar kowace inda ta daɗe a rataye. Ya tambaye ni ina suke. Na ce ba ni da ta cewa yanzu, a ba ni zuwa bayan girbi. Wani daga baya ya ce a ba ni har in gama karɓar ladana. Wani ya ce dama ya lura ban taɓa rasa ko akuya ba. Ni da anka kore wa shanun noma tun shekarar farko, shi kuma mai maganar yana cikin waɗanda sunka zo mani jaje. Arzika yana nan tsaye jikin katanga, yana jan tasbaha, idonshi a ƙasa.

Kun san abin da ake yi wa wanda anka ce yana tare da mutanen daji. Ba a kai shi gaban alƙali. Abin da ya tsirar da ni shi ne wuƙar wanzami guda da ta bi ta kaina da Bawa. Ya ce ba za shi zubar da jinina ba, amma kada la'asar ta same ni a garin. Muna ɗaure tabarmi muna ji ana rushe maƙera. Sun yayyaga zugazugan, sun cicciɓi uwar maƙerar da Baba ya gada daga ubanshi sun jefa a amalanke. Har yau ban san gidan wa take ba. Wanda ke ƙira a kanta ya san kanshi.

A Isa munka sauka, gidan ƙanwar innata, ɗaki guda mu duka. Ni da ake zuwa nema daga ƙetaren iyaka na koma liƙin bokiti da gyaran amalanke a bakin tasha. Daga nan nike jin labari. An yanke gero lafiya. An ɗaure, an kwaso, rufewoyi, rumbunanmu na ƙasa, sun cika har ana zubawa a ɗaka. Duk wanda ya ci tuwo a ƙauyen nan shekarar nan da shiruna ya ci, kuma da bakin da ya ci da shi yake zagina.

Da anka gama na aika wa Arzika cewa lokaci ya yi. Ya aiko a bari abu shi yi sanyi. Na sake aikawa. Ya aiko da tiyar gero, wai a yi wa yara kunu. Uwarku ta maida ita da ɗan aiken, ta ce a gaya mashi tsabar da anka jiƙa da ƙarya ba ta dahuwa a tukunyarta. Sai na fara faɗi da kaina, duk wanda na gani daga wajenmu ranar kasuwa in tare shi. Su ce ina shaida. Bindigogin an kwashe su tun ranar taro, an ce suna wani sito, ba wanda ya san ko ina. Uwarku ta rantse da abin da ta gani, anka ce mace ai bayan mijinta take bi. Alhaji Gado ya koma birni da zama. Kafin rani shi tsaya mutanen daji sunka dawo da bindigoginsu na gaske, waɗanda ba su taɓa ganin tabarma ba, sunka fasa rufewoyin. Na ce to, yanzu dai kowa ya gane. Ina! Sai anka ce ni na gaya masu inda hatsi yake. Kamar rufewa abu ce da ake ɓoyewa a aljihu. Uwar Kulu ta rasu a ƙauyen, ba mu samu zuwa jana'iza ba. Wannan uwarku ba ta yafe ba, ni ma ban ce ta yafe ba.

An ɗauki shekaru a haka. Bara, bayan damina, ina bakin tasha ina liƙin wata garwa da rana tsaka, sai inuwa ta rufe mani aiki. Bawa ne. Ya rame, gemu ya yi fari, yana jan ƙafa guda. Yana rungume da naɗaɗɗiyar tabarma. Ya yi sallama, na amsa don sallama ta Allah ce. Ya tsuguna ya faɗi abin da ya kawo shi. Wai gari sun yi karo-karo sun sayi bindigar soja wajen wani da ya ce daga sito ta fito. Duk daminar nan da ita yake tsaron masu noma, ba harsashi, don irin nata ya yi wuya. Yanzu wani ɗan kasuwa ya samo masu 'yan ƙwarori daga Nijar. Kafin shi gwada, wani tsoho da ya dawo gida ya gan ta ya ce kada shi kuskura sai maƙeri ya duba. Ya zagaya ko'ina, ba mai duba irin wagga sai ni.

Na ce mashi ai ni na ɓarayi nike dubawa, ko ya shiga cikinsu ne.  Na ja shi cikin ɗan shagon da nike aje kayan aiki, ya warware tabarmar. An kankare zoben, an shafe ƙotar da baƙin mai, amma sawun wayar na nan zagaye da wuya, tabon ƙunar ma na nan. Kurma ce. Ban taɓa ta ba. Na ɗauko tsinken ƙarfe na miƙa mashi.

"Zura da hannunka. Ni in na zura za a ce dabara na yi."

Ya zura. Tsinken bai yi nisa ba ya tsaya, ƙwas. Ya zaro ya sake, ya danna da ƙarfi. Na ce mashi dalma ce, Baba ya ɗura ta tun muna wasan langa ni da Bawa. Na ce duk waɗanda ya gani kan tabarma ranar nan haka suke, kuma da ya sa ƙwayar harsashi ya ja kunama da yanzu ana zaman makokinshi. Ya zauna daɓas a ƙasa. Na ba shi labarin ranar kasuwa da na bayan rumfa, wanda ya ƙi ji sau nawa, wannan karon ya ji har ƙarshe. Ya tambaye ni don mi ban faɗi ba ranar da ya sa na buɗe ɗaki. Na ce shi tambayi tuwon da ya ci shekarar nan.

Ina jira in ji ya ce in yafe mashi. Abin da ya ce shi ne Allah shi gafarta mana baki ɗaya. Mana! Sa'an nan ya fara naɗe tabarmar da bindigar a ciki. Na taka bakin tabarmar da ƙafa.

"Ka bar mani ita, Nomau. Ko ba ta tashi, in sun hango ta daga nesa suna shakka. Ba mu da wata."

Na san gaskiya ya faɗi. Amma na san ƙauyenmu. Yau tana hannun Bawa da ya sani, gobe ya kwanta ciwo wani ya ɗauka ya sa mata ƙwaya, a ce bindigar Nomau ta kashe mutum. Kuma ban da wannan ƙarfen ba ni da wani mai shaida a duniya. Na ce mashi na ba garin nan shiruna sau ɗaya, sun ci sun ƙoshi sun rushe mani maƙera, wagga kam ba ni badawa. In suna son abin tsoratarwa in ƙera masu bututun famfo da ƙota kyauta, daga nesa duk ɗaya ne. Ya tafi da tabarmarshi babu komai ciki. Bai dawo karɓar bututun ba.

An ce ya faɗi abin da ya gani ga waɗansu. Waɗansu sun yarda, waɗansu sun ce ni da shi mun shirya. Arzika har yau bai tsaya ƙofar masallacin nan ba, kuma ina jin yana sahun gaba kowace Jumma'a. In na rigaye shi ku je ku gaishe shi, wan ubanku ne, amma kada shi yi mani salla.

Kurma tana bayan ƙofar ɗakina. Na sake naɗa mata zobenta, na goge shi da tsamiya. Tsinken yana rataye a ƙusa guda da ita. Duk wanda ya sake ce maku ubanku maƙerin ɓarayi ne, kada ku yi gardama da shi, kada ku yi kuka gabanshi. Ku kawo shi gida, ku ba shi ruwa shi sha, ku miƙa mashi tsinken shi zura da hannunshi.